Amsoshin Wasiƙunku: In Kai Ya Ɗaure a Farkon Jarrabawa, Ina Mafita?

  

Yau wasiƙu biyu zan haɗa in amsa, domin ciwonsu ɗaya ne ko da yake majinyatan sun bambanta. Ta farko ta fito daga wani dattijo manomin albasa a ƙasar Goronyo. Ya ce kada in ambaci sunansa, to na kiyaye. Ga abin da ya ce: “Malam, ɗana ya zauna jarrabawar JAMB bara. Yaro ne mai ƙoƙari, malamansa sun shaida. Albasa na sayar na biya mishi, na ba shi kuɗin mota zuwa Sakkwato. Da ya dawo sai ya ce wai da anka buɗe kwamfuta kansa ya ɗaure, tambayoyin farko sunka riƙe shi, kafin ya farga lokaci ya tafi, har anka rufe akwai tambaya kusan 50 da bai taɓa ba. Maki 138 ya samu. Uwatai ta ce baki ne ko sammu. Ni ko na ce ƙila boko ba rabonsa ba ne, in sa shi gona kowa ya huta. Bana ya ce in sake biya mishi. Mi kaka gani?”

Ta biyu daga wani ɗan kasuwar tafarnuwa ce a Wurno. Ƙanensa ya gama digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana neman gurbin digiri na biyu a Amurka, an ce sai ya rubuta wata jarrabawa mai suna GRE. Ya ce yaron na gwada kansa a gida, kuma kullum minti goman farko ke kayar da shi. Yayan ne zai biya, da dala kuma ake biya, shi ya sa yake son ya ji ta bakinmu kafin ya kwance lalitarsa.

To Baba na Goronyo, bari in fara da kai, don kai ne babba. Maganar baki da sammu, ni ba zan hana uwa yi wa ɗanta addu'a ba, ta ƙara ma. Amma abin da yaron nan ya faɗa maka, ni kaina ya taɓa samuna, kuma ban san wanda ya tsane ni a lokacin ba. Ina makarantar horon malamai, aka raba mana takardar lissafi. Tambayar farko na san na taɓa yin irinta a aji, sai na rantse a raina ba zan wuce ta ba sai na ga bayanta. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, har takardar ta kusa hujewa. Ban ɗaga kai ba sai da mai tsaron jarrabawa ya ce rabin lokaci ya wuce. Da na buɗe shafi na biyu sai ga tambayoyi huɗu da zan iya yi ido rufe, suna zaune suna jirana tun safe. Biyu na samu na gama. Daga baya da na zama malami, na tsare jarrabawa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma na lura da wani abu: yaran da wannan ya fi kamawa su ne masu ƙoƙari. Wanda bai yi karatu ba, bai da abin da zai tsaya yi wa gardama, sai ya wuce abinsa. Mai ƙoƙari shi ke jin kunyar wuce tambaya.

Abin da ke faruwa a jikin mutum kuwa ba ɓoyayye ba ne. In tsoro ya shiga, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tafin hannu ya yi gumi, baki ya bushe. Hankalin da ya kamata ya riƙe tambaya sai ya koma riƙe wasu abubuwa: me zan gaya wa Baba, ga na kusa da ni har ya yi nisa, ga agogo na gudu. Sai yaro ya karanta layi ɗaya sau uku bai fahimci komai ba. Karatun na nan bai gudu ba, hanyar ce ta cushe. Ku manoman rani kun san injin ban-ruwa da sanyin safiya. Ka ja igiya ya yi tari ya mutu, ka sake ja ya mutu. Ba wanda ke cewa inji ya lalace a kai shi bola. In ya ɗauka ya yi ɗumi, sai ya jawo ruwa har la'asar. Wasu kawunan haka Allah Ya yi su, ba sa tashi da ja ɗaya.

Yanzu mu zo ga lissafi, don a nan maganin yake. Ina roƙon 'yan kasuwa su taya ni, ku ne gwanayen ƙirga. Hukumar JAMB an kafa ta a 1978, kuma tun 2015 ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne: Turanci 60, sauran darussa uku kowanne 40. Lokaci awa biyu, wato minti 120. In ka raba, kowace tambaya ta tashi da daƙiƙa 40. Wannan shi ne jarin da yaro ya shiga kasuwa da shi.

To a ce yaro ya daskare, minti 15 sun wuce tambaya biyar kawai ya amsa. A zuciyarsa ya riga ya faɗi, ko ba haka ba? Mu ƙirga mu gani. Saura minti 105, saura tambaya 175. In ka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 36. Daga 40 an koma 36. Daƙiƙa huɗu kacal ya rasa a kan kowace tambaya, abin da bai kai tsawon hamma ɗaya ba. A ce ma abin ya yi muni, rabin awa ta tafi yana da goma kawai. Saura minti 90 da tambaya 170, kowace ta samu kusan daƙiƙa 32. Har yanzu ana iya kaiwa gaci, tunda a cikin tambayoyin nan akwai da yawa waɗanda daƙiƙa goma ta ishe su, ka sani ko ba ka sani ba.

Ke nan ba minti 15 ɗin farko ne suka hana ɗanka tambaya 50 ba, Baba. Abin da ya biyo bayansu ne. Yaron da ya ga ya makara, ɗayan biyu yake yi. Ko dai ya ƙara naɗe ƙafa a kan tambayar da ta riƙe shi, yana cewa na riga na kashe mata lokaci, ba zan bar ta haka ba. Ko kuma ya firgita ya shiga gudu, yana danna amsa bai gama karanta tambaya ba, ya zubar da makin da ke hannunsa. Hausawa suka ce sauri kan haifi nawa, kuma a ɗakin jarrabawa na ga haka da idona: mai gudun nan yakan dawo baya yana sake karanta abin da ya riga ya amsa, don zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, ya biya kuɗin tambaya ɗaya sau biyu.

Wanda ya naɗe ƙafa kuwa, ku ɗauke shi kamar mai buhunan albasa ranar kasuwa. Tun da hantsi wani mai saye ya zo ya tsaya yana taya buhu ɗaya, ya ɗaga ya ajiye, ya ce a rage, ya tafi ya dawo. Ga mutum goma a bayansa da kuɗi a hannu suna jira, ga motocin kudu za su tashi da azahar. Wane ɗan kasuwa ne zai ce sai ya gama da mai gardaman nan kafin ya dubi sauran? Cewa za ka yi, Malam ɗan dakata, ka sallami masu kuɗi a hannu, in kasuwa ta lafa ka waiwaye shi. A jarrabawar JAMB tambaya mai wuya da mai sauƙi a darasi ɗaya duk maki suke bayarwa, kuma kwamfutar ba ta hana ka tsallake wata ka dawo mata daga baya. Ana amsawa da haruffan A, B, C, D. Harafin N yana kai ka gaba, P yana mayar da kai baya. Harafin S shi ne na miƙa aiki, shi kam a yi nesa da shi sai an gama.

Ga abin da nake koya wa yaran unguwarmu. In ka zauna aka buɗe maka, ba dole ne ka fara da abin da ya fara bayyana ba. Galibi Turanci ke fitowa da farko, kuma galibi da dogon rubutu yake farawa, wanda sai ka karanta shi duka kafin ka amsa tambayoyin da ke ƙarƙashinsa. Ga yaron da ya tashi da Hausa a gida da kasuwa, kuma ga faɗuwar gaba, wannan shi ne ramin da ya fi cin mutane. Sunayen darussan huɗu suna nan a allon kwamfutar, kana iya zaɓar wanda ka ga dama. Fara da darasin da ka fi ƙarfi a kai, ko Hausa ce, ko Addinin Musulunci, ko Aikin Gona, ko Lissafi in kai gwaninsa ne. In ka amsa goma a jere waɗanda ka tabbatar da su, za ka ji numfashinka ya daidaita. Inji ya ɗauka ke nan. Sa'an nan ka shiga Turanci da kai mai ɗumi, a can ma ka fara kwashe gajerun tambayoyi kafin ka koma ga dogon rubutu.

Duk tambayar da ka karanta sau biyu ba ka ga hanyarta ba, kada ka karanta ta sau na uku. Cire amsar da ka tabbata ba ita ba ce, zaɓi ɗaya cikin sauran, rubuta lambar tambayar da fensir don ka dawo mata, ka wuce. Na ce ka zaɓi ɗaya kafin ka wuce, domin JAMB ba ta rage maki saboda kuskure. Wanda ya bar gurbi da wanda ya amsa ba daidai ba, duk sifiri suka samu, amma na biyun yana da rabo. Amsoshi huɗu ne, ke nan ko da canke ne, cikin huɗu ana sa ran dacewa da ɗaya. Da babu gara ba daɗi.

Agogo kuma, yana nan a allon kwamfutar yana ƙirga abin da ya rage. Ba a shiga da agogon hannu, ba a shiga da waya ko biro. Masu duban agogon nan bayan kowace tambaya, kansu suke ƙara wa zazzaɓi. Ni shawarata, a dube shi in an gama darasi. Ka ba kowane darasi mai tambaya 40 minti 25, uku sun tashi 75. Ka ba Turanci 35. Jimla 110, saura minti goma na komawa kan waɗanda ka tsallake da tabbatar da ba gurbin da ya rage. In ka gama darasin farko ka ga ka ci minti 35 maimakon 25, to bashin minti goma ne, kuma ba a biyan bashi rana ɗaya. Raba shi kan darussa ukun da suka rage, kowanne ka rage masa minti uku da ɗan wani abu. Shi ke nan. In kuwa ka ji kan ya ɗaure ƙwarai, har rubutu na rawa a idonka, ɗauke hannu daga kwamfutar, ka runtse ido, ka ja numfashi ka sake shi a hankali kamar sau biyar, ka yi addu'ar da ka saba. Rabin minti ne zai tafi, kuɗin tambaya ɗaya bai ma cika ba.

Amma fa duk wannan da na faɗa, in yaro ranar jarrabawa zai fara gwada shi, ba zai tuna ko ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaranmu da yawa suna karatu, sai dai ba sa karatu da agogo. Yaro ya kwanta a tabarma da littafin tsofaffin tambayoyi, ya yi biyar, ya tashi ya sha fura, ya duba amsa a bayan littafi, ya ce ai na sani. Wannan ba shiri ba ne. A samu waya a saita mata minti 25, a ba shi tambaya 40, yayansa ko ƙanwarsa ta riƙe wayar, in ta yi ƙara a karɓe takarda ko yana tsakiyar kalma. A yi haka kullum. Sau ɗaya a mako kuma a yi cikakkiya, tambaya 180 a awa biyu, ba tashi ba shan ruwa, kuma da safe, a irin lokacin da za a yi ta gaske. Uba ko bai yi boko ba yana iya wannan, riƙe agogo ba ya bukatar satifiket. Abin da za ka tambaye shi bayan an gama guda biyu ne: nawa ka bari ba ka taɓa ba, kuma wace tambaya ce ta fi cin lokacinka? In mako ya zagayo adadin waɗanda ya bari na raguwa, to magani na aiki.

Wannan ya kawo ni ga wani gajeren saƙo da wata baiwar Allah ta aiko ta waya daga Rabah. Ta ce 'yarta za ta zauna JAMB, amma ba ta taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Hajiya, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Yaran birni sun saba da abin nan, namu kuwa wasu ranar jarrabawa suke fara ganinsa ido da ido, su kashe minti goma suna tsoron kada su danna wani abu ya lalace. Wannan ma nawar farko ce, kuma ita ta fi sauƙin magani. Tun 2017 JAMB ke shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, wadda yara ke kira mok. Ba dole ba ce, kuma makinta ba ya shiga lissafi, amma a wajen rajista ake nuna ana so. A 2025 rajista da mok ta kama naira 8,700, babu mok 7,200. Bambancin nan na 1,500, in da hali a biya shi. Yarinya za ta ga yadda ake duba zanen yatsa a ƙofa, ta zauna a kujerar, ta ga agogon, ta yi duk rawar jikinta a ranar da ba a ƙirgawa. In mok ta wuce ku, a nemi wani malami ko ɗan'uwa mai kwamfuta, ko shagon da ake koyarwa, ta zauna ko sau uku ne. Garin da ya haifi Sardauna, wanda shi kansa da aikin malanta ya fara, bai kamata a ce 'ya'yansa na faɗuwa don tsoron madannai ba.

Akwai kuma abin da ke hannun iyaye kai tsaye. Galibi a watan Afrilu ake jarrabawar nan, tsakiyar zafin Sakkwato. A 2025 masu zaman farko an ce su isa cibiya tun ƙarfe 6:30 na safe. Ku duba yaron da zai taso daga ƙauyen Goronyo ko Rabah ya cim ma wannan lokaci, ga halin da hanyoyinmu na gabas ke ciki na rashin tsaro, wanda ba sai na yi dogon bayani ba. Sammakon asuba a hanyar nan ba abin yi ba ne. A tura yaro tun jiya da rana, ya kwana wurin dangi a Sakkwato, ya je ya ga cibiyar da idonsa kafin magariba, ya san ƙofar da zai shiga. Da safe ya ci wani abu mara nauyi. Yaron da ya iso a guje, ciki ba komai, ƙura a ido, ya za a yi kansa ya tashi da wuri? Sa'an nan, don Allah iyaye, ranar tafiya ba ranar lissafa wa yaro abin da aka kashe masa ba ce. Ka ce masa na sayar da rago saboda kai, in ka faɗi kada ka dawo mini gida, to ragon nan zai bi shi har cikin ɗakin jarrabawa ya zauna masa a kan allo. A sa masa albarka, a ce Allah Ya ba da sa'a, a bar shi haka.

Wani lokaci kuma laifin ba na yaro ba ne sam. Kwamfuta na iya tsayawa, ko ta mutu, ko tambaya ta ƙi buɗewa. Yaranmu na ƙauye suna da kunya, sai su zauna shiru suna jira abin ya gyara kansa. A gaya musu su ɗaga hannu nan take su kira mai kula da ɗakin, haƙƙinsu ne. Ba abin mamaki ba ne na'ura ta yi kuskure. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu matsalar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa.

To Alhaji na Wurno, na dawo gare ka. Duk abin da na faɗa ya shafi ƙanenka, sai dai tasa jarrabawar tana da wani hali da ya kamata ya sani. GRE wata hukuma ce a Amurka mai suna ETS ke shirya ta, don masu neman digiri na biyu da na uku. Tun watan Satumban 2023 aka gajarta ta, ta koma awa ɗaya da minti 58. Ana farawa da rubutun insha'i na minti 30. Sa'an nan Turanci kashi biyu, na farko tambaya 12 a minti 18, na biyu 15 a minti 23. Lissafi ma kashi biyu, 12 a minti 21, sai 15 a minti 26. Kowane kashi da agogonsa, in ya ƙare ya ƙare, ba a ɗaukar ragowar lokaci a kai gaba, ba a kuma dawowa kashin da aka rufe.

Inda gizo ke saƙa shi ne, yadda mutum ya yi a kashi na farko, da shi kwamfuta ke auna irin kashi na biyun da za ta ba shi. In ya yi kyau ta ba shi mai wuya, wanda ta nan ake kaiwa ga maki mai yawa. In ya yi rauni ta ba shi mai sauƙi, kuma ko ya cinye shi duka akwai inda makinsa ba zai wuce ba. Ka ga a nan nawar farko ta fi tsada, don tambaya 12 ba su da yalwar da 180 ke da ita. Amma ko a nan lissafin bai ɓaci ba. A kashin lissafi na farko kowace tambaya na da minti ɗaya da daƙiƙa 45. In biyun farko suka cinye masa minti shida, saura minti 15 da tambaya goma, kowace minti ɗaya da rabi. Ana iya yi. Kuma a cikin kashi ɗaya an yarda ya tsallake, ya sa wa tambaya alama, ya dawo mata, ba a kuma rage maki don kuskure. Abin da ake aunawa shi ne nawa ya ci a kashin duka, ba wai ko ya ci ta ɗaya da ta biyu ba. Saboda haka ya zagaya sha biyun nan sau biyu: zagayen farko ya kwashe na ƙasa, na biyu ya hau bishiya.

Tunda ya san kansa mai nawar tashi ne, ya ɗumama inji tun a gida. Kafin ya fita, ya yi tambayoyi biyar ko shida masu sauƙi, ya karanta shafi ɗaya na Turanci, don kada ɗakin jarrabawa ya zama wurin da kansa zai fara aiki a ranar. In yana gwaji a gida kuma, ya riƙa farawa da insha'in nan na minti 30 kamar yadda za a yi ranar gaske, kada ya tsallake shi don ya gundure shi. Kai kuma mai biya, ga naka: kuɗin ya haura dala 200, saboda haka kafin ka canza ko sisi, ya nuna maka a rubuce cewa sashen da yake nema na bukatar GRE, domin tun wajen 2020 jami'o'in Amurka da dama sun daina tilasta ta a wasu fannoni. In ana bukata, kada ya yi rajista sai ya yi cikakken gwaji da agogo sau da yawa, makin ya tsaya inda ake so. Sakamakonta na aiki har shekara biyar, kuma ana iya sakewa bayan kwana 21, sai dai kowace sakewa da kuɗinta.

Baba na Goronyo, ka tambaye ni mi nika gani, to ga shi. Ɗanka ya samu 138 daga tambaya kamar 130 da ya taɓa. In da ya kai ga sauran 50 ɗin da irin wannan ƙoƙari, da ya doshi 190. In da ma canke kawai ya yi musu a minti biyun ƙarshe, ana sa ran ya dace da wajen 12, da ya haura 160. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar na shiga jami'a 150 ne, na kwalejin ilimi da kwalejin kimiyya da fasaha 100, ko da yake kowace makaranta na da ikon ɗaga nata, kuma fanni irin likitanci yana neman fiye da haka nesa ba kusa ba. A shekarar 2025 ɗin, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya ba su kai 200 ba. Yaron da ya kawo 138 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na aikinsa a rufe, ba daƙiƙi ba ne.

Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, na bara ya riga ya wuce. Ni dai da nawa ne, zan sake biya masa sau ɗaya, da mok a ciki, amma da sharaɗi. Gona ba horo ba ce da za a ce sai wanda ya faɗi, da ita aka biya kuɗin ma. Ya tashi da safe ya yi tambayoyinsa 40 kana riƙe da waya, sa'an nan ya bi ka fadama ku yi ban-ruwa. Ranar Juma'a ko wata ranar da aiki ya yi sauƙi, ya yi cikakkiyar 180. In bayan wata guda yana kaiwa ƙarshe kafin wayar ta yi ƙara, ka ba shi kuɗin rajista. In har lokacin yana barin 40 ko 50, ka sake rubuto mini, ka faɗa mini darasin da ke riƙe shi, mu duba ko canza haɗin darussan ya kamata a yi.

Lokacinmu ya ƙare, ga mai kula da na'ura na ɗaga mini hannu. Wasiƙar da ta zo kan tsutsar da ke cin ganyen albasa tana nan a hannuna, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.